Ƙaramar Tukunya

Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya Inna da ƙafarta? Ya yara? Ki shafa min kan autarki, wadda har yau a hoto kawai na san ta.

Ni lafiya lau, aikin wanki da guga a otal yana tafiya. Sai dai abu ɗaya, kuma don Allah kada Inna ta ji. Kilo bakwai ɗin nan da na cika miki baki na sauke, sun dawo har da 'yan rakiya. Likita ta auna jinina, ta cire tabarau, ta yi min irin kallon da aka yi wa Baba kafin ciwonsa na ƙarshe.

Laifin hannuna ne, Yaya, bai iya awon mutum ɗaya ba. In kewa ta taso, sai in ga na dafa na mutum tara, kamar kuna tsakar gida kuna jira. Ga shi Inna ta hore mu, ba a zubar da abinci. Sai in zauna in ci rabona, in ci naki, in ci nata.

Na yi kukana na share hawaye. Jiya na sayo 'yar tukunya da ko kyanwa ba za ta ƙosar ba. Bene hawa huɗu ma yanzu da ƙafa nake hawa, ina nishi kamar mai naƙuda.

Babbar tukunyar kuwa na wanke na kife. Ki sa ni a addu'a. So nake in dawo da ƙafata, in dafa na mutum tara, in ci na mutum ɗaya.

Ƙanwarki