Garwashin da Kika Kwashe

Bandung, Talata da hantsi

Zuwa ga Imas, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan ƙasar da ta gaji da jira, furen da ke buɗewa a gefen gonakin shayi ba tare da neman iznin kowa ba, wadda in tana tafiya gora ke jin kunyar rangajinta. Zuwa ga Imas, ɓarauniyar garwashi.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ina sanar da ke cewa fushi nake yi da ke. Na faɗa tun da wuri ne don kada ki ga "sanyin idona" ki ɗauka an huce. Ba a huce ba. Tun ranar Lahadi da muka sauko daga tsaunukan Ciwidey zuciyata ke tafasa, kuma da gangan na ƙi ɗaga wayarki, don na san muryarki. Da zarar kin kira ni "Akang" kin ja ƙarshensa yadda kika saba, duk hujjojin da na tara sai su narke kamar cuku a wuta. Takarda ba ta da murya, shi ya sa na zaɓe ta.

Bari in tuna miki, tunda ga alama iskar dutse ta tafi da tunaninki. Wa ya kawo shawarar mu fita mu yada zango a daji? Ke. Kika ce yayanki Kang Otong, waliyyinki tun rasuwar mahaifinku, in aka zaunar da shi a kujerar falo alƙali yake komawa, amma in aka kafa masa tanti ya sha iska sai ya zama mutum. Wa ya ce in gasa piza? Ke. Na ce miki, "Neng, yayanki ko sa ya cinye, in bai ga ƙwayar shinkafa ba cewa zai yi da yunwa ya kwana." Kika ce, "To sai me? Abin da ka ba ni na ci har na yarda da kai, shi za ka ba shi. Ya ga mutumin da zan aura yadda yake." Yadda yake, kika ce. Na riƙe maganar nan kamar mai riƙe da ƙwai a cikin taro.

Kin tuna ranar da kika fara cin pizar tawa? Kin kawo mini rigar da kika ɗinka, ruwa ya tsare ki a barandar gidana, ni kuwa ina tsugune gaban kasko kamar boka. Tun rasuwar matata ban iya komai a kicin ba sai wannan gurasar ta Italiyawa da na koya daga littafi, don littafi ba ya yi wa gwauro dariya. Kika karɓi yanka ɗaya don kara. Cukun ya ƙi rabuwa, ya miƙe tsakanin bakinki da hannunki, kika bi shi da ido, kika fashe da dariya har mayafinki ya zame. Kika ce, "Wannan abinci ne ko zaren ɗinki?" Sannan kika miƙo hannu a ƙara miki. Ni da na karantar da tarihi har gashina ya yi fari, na san yadda dauloli ke faɗuwa, amma ban taɓa zaton tawa za ta faɗi a baranda, ana ruwa, a hannun mai ɗinki ba.

To ga abin da ya faru ranar Lahadi, in faɗa miki shi kamar ba ki nan, tunda yadda kika yi kenan.

Na kwaɓa fulawata tun Asabar, na bar ta ta kwana ta tashi, ta yi luhu-luhu kamar kumatun jariri. Da muka isa, ke da yayanki da matarsa kuna fama da igiyoyin tanti, ni ina fama da itace, ga shi duk ruwa ya jiƙa shi. Na hura, na fifita, hayaƙi ya sa ni hawayen da ban yi a makabarta ba, har na samu garwashi ja wur. Kin san aikin, kin sha gani. Kasko a kan duwatsu, wuta kaɗan a ƙasa, murfin ƙarfe a sama, a tula masa garwashi. Wutar sama ita ce ran piza. In babu ita, ƙasa ya ƙone, sama yana ɗanye. Ke da bakinki kin taɓa yi wa maƙwabciyarki wannan bayanin ina ji, har na ji kaina ya yi girma.

Na shimfiɗa kwaɓin, na shafa tumatir, na zuba cuku da naman kaza, na rufe, na jera garwashina. Na gangara rafi in yi alwalar azahar. Alwala, Imas, ba Makka na tafi ba! Na dawo na tarar da murfi tsirara, sai toka. Na leƙa bayan tanti, sai ga hasken rayuwata a tsugune da awartakina a hannu, ta tara garwashina kaf a ƙarƙashin wata tukunya da ban san da ita ba, ƙamshin madarar kwakwa da ƙananan kifi yana tashi. Ashe shinkafa kika ɓoyo a mota, ƙarƙashin dardumar salla. Kika ɗago kai kika ce, "Aro na yi, Akang, yanzu zan mayar." Wa ya taɓa mayar da garwashi? Toka kika mayar mini.

Da na buɗe kasko, abin da ya fito ko ni da na haife shi ban gane shi ba. Yayanki ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya juya, ya ƙwanƙwasa. Ya ce, "Malam, wannan tayar babur ce ko murfin rijiya?" Ya waiwayi matarsa ya ce, "Yoyoh, ajiye mana shi, in tanti ya yi yoyo mu toshe." Aka yi dariya. Ni ma na yi, don malamin makaranta ya saba a yi masa dariya a bayansa, ta gaban ido ma sauƙi ce.

Wallahi da a nan aka tsaya, da wannan wasiƙar ta yabon girarki ce kawai.

Sai aka shimfiɗa ganyen ayaba a ƙasa, aka juye shinkafar a tsakiya tana tururi, kowa ya naɗe hannun riga. Kang Otong ya kai loma. Ya ɓanɓaro ƙanzo ya tauna, ya lumshe ido. Ya ce, "Wa ya dafa wannan?" Kin san abin da yake tambaya. A wajenmu shinkafar daji, wato wadda ake dafawa a kan itace in an fita, aikin maza ce, kuma irin su yayanki da ita suke auna namiji: in ya iya ruwanta da wutarta, ya iya gida. Ni kuwa ɗan birni ne da ya girma da hanci a littafi lokacin da tsarana ke koyon ta a bakin gona. Tukunyar lantarki ce ta rufa mini asiri duk shekarun nan.

Sai na ji muryar da nake so fiye da kowace murya a duniya ta ce, "Akang Koswara ne. Wancan ƙonannen don ya ba ku dariya ya yi."

Na buɗe baki. Kika take mini yatsan ƙafa, kina murmushi kamar wata ɗan daren sha huɗu. Yayanki ya buga cinya ya ce, "Na faɗa! Duk wanda ya fitar da ƙanzo haka, bai ƙone ba bai yi ɗanye ba, ya san haƙuri. Malam, bar ganin ina tsokanarka. Na ba ka ita." Bai tsaya nan ba, ya ƙara da cewa, "Ranar baiko kai za ka dafa wa dangi irin wannan. Kada mace ta taɓa tukunyar." Matarsa Teh Yoyoh ta rungume ki tana hawaye. To me zan ce? In miƙe a gaban yayanki da matarsa in ce ƙanwarku ƙarya take yi? Kin ɗaure ni da mutuncinki, kin kuwa san ba zan tsinka shi ba. Na ci gaba da cin shinkafar. Ta yi daɗi, ban hana ki wannan ba, kuma daɗin nata ma yana cikin abin da ke ba ni haushi.

Yanzu ki gaya mini, ya ke kurciyar da ke kuka a ƙirjina, wa aka ba ke? Akwai wani Koswara da ya iya shinkafar daji, mai haƙuri, mai barkwanci, wanda ke ƙona abinci da gangan don surukai su yi nishaɗi. Shi aka ba. Ban taɓa ganinsa ba, amma tun Lahadi nake kishi da shi, ina kwana ina juyi ina tunanin yadda zai zauna a gidana ya sha shayi a kofina. A shekaruna, da furfurata, kin sa ina kishi da mutumin da ke amsa sunana.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa ba ƙaryar ba ce, don ita a tsorace kika yi ta. Shinkafar ce. Ba a daji kika tsince ta ba. A gida kika auna ta, kika matse kwakwa, kika naɗe tukunya a tsumma don kada ta yi ƙara a hanya. Ashe lokacin da kike ce mini "ya gan ka yadda kake", kin riga kin yanke cewa yadda nake ɗin bai isa ba. Da kin bar mini garwashina, piza ta fito da kyau, yayanki ya tauna ya tofar ya ce bai ba ni ba, da na ce faɗuwa ce ta gaskiya, na tashi na kakkaɓe. Ba ki bari na faɗi ba, ba ki bari na tsaya ba. Kika ɗauke ni kamar jaka kika tsallakar da ni.

Kada ki zaci ban san dalilinki ba. Na san zaman da kike yi a ɗakin baya na gidan yayanki tun da kika fita takaba, keken ɗinkinki a matse da gado. Na san ya taɓa korar wani a kan abin da bai kai wannan ba, kuma kin gaji da jiran ra'ayinsa kamar manomi da gajimare. Na san duk wannan, shi ya sa fushin nawa ya rasa inda zai zauna, yana ta zagaye gida kamar kazar da za ta yi ƙwai. Amma sanin dalili bai wanke ki ba.

Na ga saƙonki na jiya: "Zan koya maka kafin baiko, ba wanda zai sani." Ni zan sani, Neng. Duk ranar da yayanki ya dafa kafaɗata ya kira ni gwanin ƙanzo, zan sani. Duk taron dangi za a turo ni gaban murhu ina zufa, ke kina bayan bishiya kina yi mini alama da gira, a ƙara ruwa, a rage wuta. Haka kike so mu tsufa? Zanen aro ba ya rufe katara. Koyo kam zan koya, in durƙusa gabanki in zama ɗalibi mafi daƙiƙanci da kika taɓa gani, amma sai bayan an san ban iya ba.

Ga abin da na yanke. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zan zo gidanku, in zauna a waccan kujerar falon da kike tsoro, in gaya wa Kang Otong cewa shinkafar da ya ba da ke a kanta ba hannuna ba ne. Zai iya yin dariya. Zai iya kuma cewa ya janye, kin fi ni sanin halinsa. In rasa ki? In koma cin abinci ni kaɗai ina kallon bango, bayan na san yadda gida ke zama in dariyarki tana ciki? Ya ke inuwar da na samu bayan rana ta gama duka na, na fi tsoron wannan fiye da yadda zan iya rubutawa. Duk da haka zan zo.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ki bar ni in faɗa ni kaɗai, don in daga bakina ya fito ya zama ƙara na kawo, ni kuwa ban zo duniya don in kai ƙararki ba. In kin kawo shayi, kada ki koma ciki. Ki tsaya, ki dubi yayanki, ki ce, "Ni na dafa." Sauran ki bar mini.

In ya ce ya fasa, zan dawo wata Juma'ar, da wadda ke bayanta, har ya gaji da ganin takalmina a ƙofarsa. Ba ni da wata bayan ke, ba na kuma neman wata. Amma in zai ba da ke, ni nake so ya ba.

Naki, cikin fushi, yau da gobe da ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa,

Koswara