Malam, Koren Littafin Nan Ashe Ba Naka Ba Ne

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Malam.

Bayan gaisuwa mai yawa da roƙon Allah Ya ƙara haskaka makwancinka, ni ce Azumi, matarka. Memuna ce ke rubuta min, 'yarka ta fari, ga ta nan bakin gado da tabarau a kan hanci kamar kai. Na ce mata duk abin da na faɗa ta sa shi yadda ya fito, kada ta gyara min baki. In ta gama, 'yarta Zenabu za ta karanta min daga farko in ji ko an rage wani abu. Ba wai ban yarda da Memuna ba ne. Amma ni da ban san baƙi ko ɗaya ba, dole in sa ido.

Shekara shida ke nan da ka tafi, ban taɓa damunka da ƙorafi ba. Yau dai akwai magana.

Adakarka ta ƙarfe tana nan inda ka bar ta, ƙarƙashin taga. Duk shekara in ruwa ya ɗauke sai in fito da littattafan in shanya a tabarma, in kakkaɓe su, in zuba sabon kafur. Ban san sunan ko ɗaya ba, amma na san su. Mai jan bango wanda ɓera ya ɗan taɓa. Mai kaurin nan da shayi ya zube wa. Ƙanana uku da ka ɗinke da zaren keken ɗinki.

Ka tuna yadda kake sayo su? Ka rufe shagon ɗinkinka a Akwatia Line, nan Kumasi, ka ce za ka kasuwar Kejetia sayen maɓalli, ka dawo da littafi a hammata, maɓallin kuwa ka manta. Kafin ka wanke hannu ka ci abinci sai ka rubuta sunanka a ciki. Maganarka kullum ɗaya ce: "Azumi, littafi saye ake yi. Gidan nan ba a aro."

Na riƙe maganar nan da hannu biyu. Lokacin da Memuna ke makaranta malamarsu ta ce kowa ya je laburare ya yi kati, ka hana. Ta yi kuka har ta ƙi cin tuwo, ba ka sauya ba. Ka ce wurin nan sai sun rubuta sunan mutum da na ubansa da lambar gida, mu kuwa mun san abin da rubuta suna ya taɓa jawo mana. Ban yi musu ba, don ni ma ina wurin.

To ga Zenabu ta girma tana koyon aikin jinya, ita ba ta jin wannan. Ta ce irin littattafansu ko an zagaye kasuwa ba a samu. Ta je ta yi kati a wani laburare can wajen Ashanti New Town, tana ɗauko littafi ta yi sati biyu da shi ta mayar. Na ce mata, waɗanne irin mutane ne za su ba ki kayansu haka kawai, ba su san uwarki ba, ba su san ubanki ba? Me suke nema a wurinki? Ta ce, "Kaka, ba sa neman komai, na gwamnati ne." Na ce ai shi ya sa nake tambaya.

Ban bari littattafan nan sun shiga ɗakina ba. Ƙusa na sa aka buga a baranda, can take rataye su cikin leda. Wa ya san hannu nawa ya taɓa su? Wa ya yi tari a ciki, wa ya lashi yatsa ya buɗe shafi?

Watan jiya na fito da naka shanya. Gwiwa ta hana ni durƙuso, sai na ce Zenabu ta miƙo min na can ƙasa. Ka san wanda nake nufi. Koren nan da ka naɗe cikin tsohon ƙyallen kwat, wanda ba ka bari kowa ya taɓa, wanda kakan tafi da shi shago a naɗensa ka dawo da shi a naɗensa. Sau ɗaya na taɓa ɗaga bangonsa tun ina da ƙuruciya, na ga wani zagayayyen tambari mai ruwan shuni, na rufe da sauri. Na ɗauka hatimi ne wani babban malami ya buga maka na tsari. Shekara hamsin da wani abu, Malam, ban taɓa ɗaukar littafin nan ba alwala ba. Ranar da wuta ta kama gidan maƙwabta, shi na fara sungumowa kafin sarƙata.

Zenabu ta warware ƙyallen, ta buɗe. Sai ta je baranda ta ɗauko nata ta ajiye su gefe da gefe a gabana. Wannan ba sai an iya karatu ba. Tambari iri ɗaya. Aljihun takarda a bangon baya iri ɗaya.

"Kaka," in ji ta, tana danne dariya, "hatiminki na laburare ne. Littafin koyon yankan kwat ne wannan. Baba Malam aro ya yi bai mayar ba."

Na ce ta iya bakinta. Na ce ƙila a kasuwa ka saya a hannun wanda ya sato. Ta duba ko'ina, ba inda ka rubuta sunanka kamar yadda ka yi wa sauran. Amma cikin aljihun nan akwai ɗan kati da ya yi ja don tsufa, da sunanka, da na babanka, da lambar tsohon gidanmu na Zongo. Ga kuma ranar da aka ce ka mayar. Aka kira Memuna, ta duba ta sake dubawa, ta ce, "Mma, ai lokacin da gwamnati ta kori baƙi daga ƙasar nan ne."

Nan take ranar da muka bar garin nan ta dawo min.

Memuna goye a bayana, adaka a kaina har tasha, kai kana rungume da kan keken ɗinki. Kwana nawa muka yi cikin mota kafin Dosso, ban sani ba. Na bar tukwanena biyu a bakin hanya don nauyi, ban bar littafi ko ɗaya ba. Ashe kayan mutane na ɗauka na tsallake iyaka da shi.

Wannan na gane, ban ga laifinka ba. Wa zai tsaya mayar da littafi a irin ranakun nan? Abin da ban gane ba, bayan mun dawo fa? Shekara huɗu kawai muka yi can. Daga shagonka zuwa laburaren nan da ƙafa ma ana zuwa. Tsoro ne, kada ka je su buɗe babban littafinsu su ga sunan wanda aka kora ya dawo? Ko kuwa ka ga ba za ka iya rabuwa da shi ba? Don na tuna bayan dawowarmu ne Tonawa, 'yan asalin garin, ma'aikatan ofis suka fara cika shagonka, wai ba mai yanka kwat irin naka. In na kawo maka abinci na sha ganin ka juya baya ka buɗe shi ƙarƙashin tebur kafin ka sa almakashi. Ni kuwa in tsaya daga nesa, na ɗauka addu'a kake.

Ka ga inda abin ya tsaya min? Shinkafar da muka ci, makarantar Memuna, Makkar da ka kai ni, ashe duk akwai hannun littafin nan a ciki. Kuma maganar nan taka ta gidan nan ba a aro, yanzu ina ta juya ta. Mu kake tsarewa, ko kanka, kada wata rana Memuna ta shigo da irin tambarin nan in gane? Kai da ko goro aka ba ka a hanya sai ka faɗa min wanda ya ba ka.

Ranar jana'izarka liman ya tsaya a ƙofar gida ya yi tambaya sau uku, ko akwai mai wani abu a hannun Malam. Ba wanda ya tanka. Na ji sanyi a raina, na ce mijina ya tafi ba kaya a wuya. Tun ranar da Zenabu ta warware ƙyallen nan tambayar liman ke dawo min. Kana can kwance, abin mutane yana ɗakina ina zuba masa kafur.

Na ce a kai ni. Memuna ta ce, "Mma, ki bari Zenabu ta ajiye musu kawai, ba sai kin sha rana ba." Na ce a'a. Ni na fitar da shi daga garin nan a kaina, ni zan mayar.

Muka hau trotro, motar haya, ranar Talata da hantsi. Laburaren shiru kamar gidan rasuwa, ga mutane zazzaune ba mai gaida wani. Wata mata ce a tebur, Batoniya, ta ɗan fara furfura. Ta ce min, "Maame, akwaaba," wato uwa, sannu da zuwa. Na ajiye littafin. Zenabu ta yi mata bayani da Tonanci, ni ma ina ji ai. Matar ta juya shi, ta shinshina, ta yi ta mamakin yadda ko kyankyaso bai taɓa shi ba. Sai ta turo min shi tana murmushi, wai in tafi da shi, an daɗe da mantawa da shi, ta yafe.

Na ce, naki ne? Ta ce a'a. Na shugabanku ne? Ta ce a'a. To na wa? Ta ce, "Maame, na kowa ne. Duk mutumin Kumasi." Na ce, to ke wa ya sa ki yafe abin da ba naki ba?

A nan kam saye ya fi, Malam, kana da gaskiya. Mai tebur a Kejetia ka san fuskarsa, in ka cuce shi ka san ƙofar da za ka je ka durƙusa. Wannan fa? Duk mai koyon ɗinkin da ya zo neman littafin nan cikin shekara hamsin aka ce masa babu, yana da haƙƙi a kanka. Ina zan gan su? Wasu sun mutu. Wasu ƙila sun bar ɗinkin ma.

Na ƙi karɓa. Na ce ta sa shi cikin 'yan'uwansa ina kallo. Ta ce sai an yi masa sabuwar lamba tukuna. Ban yarda da maganar ba, na san yadda kaya ke bi ta ƙofar baya ya ɓulla a kasuwa. Dama tun daga gida na ɗaura baƙin zare cikin ɗinkin bayansa, inda ba mai lura sai ni. Na ce zan dawo in duba. Ta ce bismillah, amma ba a wuce teburin nan zuwa wurin littattafai sai da kati.

Ka yi haƙuri, Malam. Na ba su. Sunana, sunan babana, lambar gidanmu na Krofrom, har hoto suka ɗauka, na dangwala yatsa. Na yi sati guda duk wanda ya yi sallama sai gabana ya faɗi. Ba wanda ya zo da takarda. Tukuna dai.

Na koma sau biyu, yana nan, jeri na uku daga ƙasa, zarena na ciki. Jiya da na je ban gan shi ba. Na ce wa matar, to, an fara ko? Ta yi dariya ta ce wata yarinya mai koyon ɗinki ce ta ara, ta ce ba a ƙara yin littafi irinsa. Ta nuna min rubutu a takarda. Ni rubutu ba ya gaya min komai. Sun ce Alhamis ta sama za a dawo da shi, zan je in gani da idona. Amma ba zan ɓoye maka ba, a trotro muna dawowa na yi ta share ido da bakin mayafi. In gaskiya suka faɗa, yanzu haka wata na can ta buɗe shi a kan tebur, ba a ƙarƙashi ba.

Saura waɗanda suka zo ba su samu ba. Shi ya sa na ce Memuna ta sa wasiƙar nan a waya, inda jama'a ke karantawa. Ta ce, "Mma, tonon asirin Baba ne." Na ce gara a tone shi a nan. Na san ba za ka so ba, kai mai kunya ne, ko tari ba ka yi da ƙarfi a cikin mutane. Amma tunda an ce na kowa ne, kowa zan roƙa maka. Duk wanda maganar nan ta kai kunnensa, Batone ko ɗan Zongo, tela ko ɗan tela, ya taimaka ya ce ya yafe.

Nawa kuwa ba sai an roƙe ni ba. Ɓoye min da ka yi, da tukwanena biyu, da alwalar shekara hamsin, duk na yafe maka, Baban Memuna. Ka daɗe kana ɗauke da abin nan kai kaɗai, da ka faɗa min da mun ɗauka tare.

Allah Ya sauke maka shi. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya sa waɗanda ba mu sani ba su yafe, Ya haɗa mu inda ba a korar kowa. Amin.

Taka har kullum, Azumi.

Memuna, ya isa haka. Ajiye biron. Na gaji.