Kujera Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna. Ya ƙafar taka?

Ga faifan fim ɗina na farko nan cikin ambulan. Labarin wani makanike ne da wutar lantarki ta ja, ya wayi gari yana tashi sama. Ƙarshen wata zan miƙa wa mai haɗa hoto, daga nan kuma babu sauran gyara. Shekara talatin ka yi a ɗakin majigi, babu idon da na yarda da shi kamar naka. Ka gaya mini gaskiya, amma don Allah a hankali. Ka lura da minti na saba'in.

Ka huta lafiya.
'Yarka

*

Darakta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, matakala ce kawai ba sa shiri.

Kin san ni ba fim nake kallo ba, mutane nake kallo. Ta 'yar tagar ɗakin majigi ƙeyar jama'a nake gani, kunnena kuma yana kan kujeru. In labari ya kama, tsit kake ji. In ya saki, kujeru su fara kuka. Don haka na tara Innarki da mai aski da direban nan maƙwabcinmu a falo, na zauna bayansu.

Minti ashirin na farko ko tari ba a yi ba. Inda ya tare bas da hannu ɗaya, mai aski har miƙewa ya yi. Daga nan aka shiga ruɗani. Mugun ya mutu a kan gada, sai ga shi a asibiti yana waya, ba bayani. Innarki ta ce tagwaye ne, direba ya ce mafarki ne, suna wannan musu faɗa biyu ya wuce su. Sannan jarumin naki ba ya naushi sai da wa'azi. Ya shaƙe ɗan daba yana yi masa bayanin illar zubar da shara a kwata! Da ni ne ɗan daban, cewa zan yi a naushe ni in huta.

Minti na saba'in kuwa, ya je gidan tsohon maigidansa ya yi minti takwas yana magana kan masu manta waɗanda suka rene su. Innarki ta tashi ɗora ruwa, direba ya tuna bai kulle mota ba, mai aski ya bi bayansa. Ni kaɗai na kai ƙarshe. Ki yanke shi.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta iso, na yi dariya, daga baya na yi kuka.

Maganar mugu da ta shara na yarda, zan gyara. Minti takwas ɗin nan ne ba zan iya taɓawa ba, don ba jama'a na rubuta wa ba. Shekara uku ke nan, ranar da za a rufe silimarku, ka ajiye mini kujerar da nake zama tun ina ƙarama, mai lamba goma sha huɗu. Na ce ina zuwa, aiki ya riƙe ni, ban zo ba. Inna ta ce har aka kashe majigi kana leƙen ƙofa. Tun ranar kunya ta hana ni taka gidan, sai dai wasiƙa. Na kasa faɗa da bakina, shi ya sa na sa a bakin jarumin.

Ka yafe mini.
'Yarka

*

Darakta,

Muna amsawa, Innarki na gaishe ki.

Ai na sani. Tun jimla ta biyu na gane muryarki, me kike tsammani ya zaunar da ni har ƙarshe? Amma mutanen da suka zo kallon mai tashi sama, laifin me suka yi miki da za ki tsare su da zancen gidanmu?

Kafin jarumin ya buɗe baki, akwai inda ya sauko daga sama ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya kasa. A nan falon ya yi tsit, na ga Innarki tana goge ido da gefen mayafi. Ki bar wannan, ya isa.

Ranar rufe silimar na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma ya wuce tuntuni, kewarki ce kawai ta rage. Kafin a rushe ginin na je da sukudireba na kwance kujerar. Tana nan falo kusa da taga. Mai aski ya so ya zauna a kai ranar kallon, na miƙa masa benci.

Allah ya tsare.
Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Na yanke, mai haɗa hoto har godiya ya yi mini.

Ina tafe ranar Asabar da motar safe, kuma ni zan ƙwanƙwasa. A kakkaɓe mini kujerata.

'Yarka