Kujerar da Baba Ya Ƙi Zama a Kai

Laraba da dare

Yau Baba ya zo ganin falon da na gyara, kuma har yanzu raina bai kwanta ba.

Wata uku ina zarya wurin kafinta a kasuwar Katako kafin ya ƙera min kujeru masu dogon baya, irin na wasan kwaikwayon Turawan zamanin da da nake kallo a talabijin. Na rataya labule mai kauri. Tabarmar da Baba ya saba zama a kai kuwa na naɗe ta, na cusa bayan buhun gawayi don kada ta ɓata min tsari.

Da ya shigo sai ya tsaya a bakin ƙofa. Na ce, "Baba, bismillah, ku zauna mana."

Ya shafa hannun ɗaya daga cikin kujerun, ya duba yatsunsa kamar mai neman ƙura. Ya ce, "Uwani, shekara ashirin ina goge irin wannan a gidan Baturen kamfanin haƙar kuza a Naraguta. Mu ba ma zama a kai."

Tun ina yarinya na san labarin nan. Yaya aka yi na manta?

Kunya ta hana ni ɗauko tabarmar, kada ya ga inda na cusa ta. A kan siminti ya zauna ya ci tuwonsa, yana ta yaba min labulen.