Sunayen da Inna ke yi wa addu'a

Zuwa ga abokina Jabbi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa kana cikin rahama. Na san takardar nan ba za ta kai gare ka ba. Ko da akwai mai kai ta, na san halinka, cewa za ka yi a bari, kada a wahalar da ɗan aike.

Bari in fara da yabo. Ranar zaman makokinka a Lambara ba wanda ya buɗe baki bai ambaci kunyarka ba. Liman ya ce bai taɓa ganin ka kana cin abu a tsaye ba. Kawunka ya ce tun kana yaro in an miƙo maka nama sai ka sunkuyar da kai. Ni ma na gyaɗa kai na ce ƙwarai, haja ce mai kyau, ba ta cin wuri a akwati, ga shi ka kai ta har Ingila ka dawo da ita ba ta fashe ba. Abin da ban faɗa musu ba shi ne, a can ba ta da mai saye.

Labarin gida kuwa, tun da soja suka karɓi mulki sai layi. Sabulu layi, madara layi, shinkafa layi da bulala. Garin Shagari da ka sani cike da manyan motoci, yanzu awaki ke kwana a inuwar da suke tsayawa. Ni na koma rumfar Baba a kasuwar Bodinga ina dillancin albasa, takardar shaidar karatuna tana ƙarƙashin katifa.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Innarka ce. Bayan an watse daga makoki ta kira ni ɗaki, ta ce Arzika, kai ne idona a can, faɗa mini sunayen waɗanda suka riƙe mini ɗa a ƙasar mutane, in riƙa sa su a addu'a. Ka san bakin ɗan kasuwa ba ya son shiru. Kafin in yi tunani na ce Kosta, Kofi, Migel. Ta maimaita har ta haddace. Yanzu kowace asuba tsohuwar nan tana roƙa wa Kosta aljanna, Kosta da har muka baro ƙasar bai san kana da wani suna ban da abokin Arzika ba. Abokaina ne, Jabbi, ba naka ba.

Ka tuna lokacin farar hula, da gwamnati ta tura mu koyon noman rani a ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa? Ni a kasuwa na tashi, inda wanda ya jira a kira shi sau biyu ke komawa gida da buhunsa. Kafin sanyi ya kankama na san ɗakin kowa da abin da ke cikin tukunyarsa. Kai kuwa ka tafi da tarbiyyar gidanku: in an yi maka tayi ka ce ka ƙoshi, a sake, ka ce alhamdulillahi, sai an rantse an kama hannunka sannan ka ci.

Ranar da matar malaminmu ta gayyaci baƙin ɗalibai gidanta, ta miƙo maka kifi da dankali, ka ce ka gode, ka ƙoshi. Ta yi murmushi ta wuce da farantin. Ina kallon ka kana jiran ta dawo, kuma na san ba za ta dawo ba. Har ta jawo ni gefe ta tambaye ni ko ba ka da lafiya, ko abincinsu ne bai yi maka ba. Magana ɗaya ta isa. Da a ce na ce mata a wurinmu a'a ta farko gaisuwa ce, ki matsa masa, da shi ke nan. Amma sai na ce ai kai waliyyi ne, ba ka son taro, iska da tasbihi kake ci. Aka yi dariya, dariyar ta yi mini daɗi, na cinye rabonka.

Daga ranar labarin waliyyi ya zama hajata. Da shi nake buɗe hira a kowane ɗaki. Abokan nawa su ƙwanƙwasa ƙofarka su ce za a fita, ka ce su je kawai, su kuwa su tafi. A hankali suka daina ƙwanƙwasawa, wai suna girmama ibadarka. Me ya hana ni zaunar da kai in ce Jabbi, nan in an yi tayi karɓa ake yi? Ina ganin tsoro nake ji kada su san ka, su ga wanda ya fi ni cancanta da kujerar da nake zama a cikinsu.

Da alawus ya daina zuwa daga gida, ni ban rame ba, ɗaki-ɗaki nake bi. Kai sai shayi da burodi, da rigar sanyin nan mara kauri. A lokacin tarin ya fara, tarin da ya biyo ka har Lambara.

Mutum ɗaya ne ya gane ka, dogon nan ɗan ƙasar Iran da ke ƙarshen baranda. Ashe su ma haka suke yi. Ya zo da tukunyar shinkafa, ka ce ka ƙoshi, ya ce ƙarya ne, ka ce wallahi, ya ce shi ma wallahi, ku tsaya a bakin ƙofa kowa na cewa ɗan'uwansa ya fara shiga har shinkafar ta huce. Ni ina wucewa ina yi muku tsiya. Raƙumi na sa masa, sunan ya bi shi. Shi ya raka ka asibiti. Shi ya ɗaukar maka akwati zuwa tashar jirgin ƙasa ranar dawowa, ni ina can ina rungume-rungumen ban kwana. Ban taɓa tambayar sunansa na yanka ba. Kai ka sani, ka tafi da shi.

Inna ta tsufa sosai tun bayanka, ganinta ya ragu, ƙafafun sun kumbura. Makon jiya ta ce za ta sa a toya waina a yi sadaka da sunan mutanen nan uku, ta tambaye ni ko akwai wanda na manta. Na ce zan tuna. Ranar Juma'a zan je. In na yi shiru, wanda ya ciyar da kai ba zai samu ko amin ɗaya ba. In na yi magana, dole ta ji cewa ɗanta ya zauna da yunwa a gaban abinci, ni ina gefensa ina tauna. Na yanke shawara zan faɗa mata, ko da za ta daina ce mini ɗana.

Ka yafe mini, kuma kada ka ce ba komai tun a karon farko, bari sai na matsa. Allah ya haskaka kabarinka, sai mun zo. Abu ɗaya ya rage da ban san yadda zan yi da shi ba: in Inna ta ɗaga hannu ta ce Allah ya saka wa Raƙumi, kana ganin mala'iku za su gane wanda ake nufi?

Naka, wanda ya ci rabonka,
Arzika na rumfar albasa, Bodinga