Tsokanata Ta Karkatar da Lungun Unguwa

Goggo mai shawara, ki cece ni, wasa ya ja mini abin da ya fi ƙarfina.

Za a yanka filaye a bayan unguwarmu. Sai mai tsara filayen ta zo, ta ce kafin ta zana komai a nuna mata inda mutane ke bi da ƙafa zuwa famfo da kasuwa, don lungunan su bi sawunsu. Manya sun tafi aiki, aka ce in raka ta. Ni kuwa, Goggo, ko gaisuwa na yi sai an duba ko da wata a ƙasa. Na zagaya da ita ta bayan garejin makanike, muka ɓullo ta ƙofar gidan su wata yarinya da nake so, na murtuke fuska na ce nan kowa ke bi. Tana rubutawa, ina danne dariya.

Yanzu an kafa turaku, lungun ya bi ƙaryata sak. Hanyar gaskiyar ta faɗa cikin filin wani, kuma katangarsa za ta tsaya daidai tagar kakata, inda hantsi ke shiga tana shanya ƙafafunta masu ciwo. Jiya kaka ta tambaye ni turken na mene ne, na ce na ɗaure akuya ne. In na faɗa, Baba zai wanke ni tas a gaban jama'a. In na yi shiru, an kusa sauke bulo.

Ɗanki, Sarkin Tsokana

Ɗana, na yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Laifin ba naka kaɗai ba ne. Manya sun yi sakaci, ita ma bai kamata ta tsara unguwa da bakin mutum ɗaya ba. Sai dai kai kaɗai ka san abin da ya faru, kuma cire turke ya fi rushe katanga sauƙi.

Kada ka taɓa turakun da hannunka. Gobe da sassafe ka faɗa wa babanka, kafin ya ji a bakin wani. Ku je wurin mai tsara filayen tare, ku roƙe ta ta dawo unguwar da hantsi, ta ga inda ake bi da bokitai, ta shiga ɗakin kaka ta ga ranar da idonta.

Za a yi maka faɗa, za a daɗe ana tsokanarka. Ka jure, kai ma ka daɗe kana yi wa mutane. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya ƙara wa kaka lafiya.