Yana ta karɓar ɗinkin Sallah

Hajiya Zara, don Allah ki taimake ni, abin ya fi ƙarfina kuma na rasa wanda zan faɗa wa.

Maigidana tela ne a Fagge. Shekara biyu yana ganin jini in ya zaga, muka ce basir ne. Ni da hannuna na dinga sayo masa jiƙo, har yaji na hana shi. Sai da ya rame muka je asibiti, aka ce kansar hanji ce, aka yi masa aiki.

Ɗaki ɗaya aka kwantar da su da Chukwuemeka, mai sayar da kayan keken ɗinki a Sabon Gari. Ciwo iri ɗaya, aiki a mako ɗaya. Shi ya koma shagonsa, har ya fara tumbi. Nawa kullum ƙara zubewa yake. Ni ke karɓo sakamakon gwaji. Likita ta ce alamar kumburi a jininsa ta ƙi sauka, masu irin haka kuma ciwon ya fi saurin dawo musu, wai har da irin jikin da mutum ya gada. Hoton makon jiya ya nuna ya kai hanta. Na ce masa sakamako bai fito ba.

Shi kuwa maigidana, Chukwuemeka yake kallo, yana cewa saura shi ya warke. Ya karɓi ɗinkin Sallah na mutum goma sha huɗu, shaddodi jibge a ɗakinmu, alhali ko almakashi ya ɗauka hannunsa rawa yake. In faɗa masa? Wallahi tsoro nake ji, kuma gani nake jiƙona ne ke kashe shi.

Matar tela, Kwaciri

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Na tambayi wata likita, ta ce kumburin da ya ƙi sauka a jini yakan tafi tare da ciwo mai tsanani, shi ya sa mutum biyu masu ciwo ɗaya kan raba hanya. Alama ce kawai, ba ta faɗin rana. Amma ba zan ruɗe ki ba, in ya kai hanta, sau da yawa sauƙi da ƙarin kwana ake nema.

Jinkirin ya cutar, gaskiya ne. Sai dai rabin Kano basir ɗin za su ce. Kulawa kika yi da iya saninki.

Na gane ɗan farin cikin da ya rage masa kike tsarewa. To amma jikinsa ne, yana da wasiyya da neman yafiya a gabansa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku koma wurin likita tare da wani ɗan'uwansa, a faɗa masa kina kusa. Ki tambayi maganin zafin ciwo, da ko 'yan'uwansa na buƙatar gwaji.

Shaddodin mutane a mayar musu tun Sallah da saura. Ki ba shi yadi ɗaya, naki, ya ɗinka miki a hankali in hannu ya yarda. Allah ya sassauta masa, ke kuma ya ba ki juriya.